TAURARON DA BA YA TAFIYA

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har ma na sha cusa ta cikin rubutuna, amma ban san nauyinta ba sai ran da wani tsoho ya aza mini ita a ka, a ƙofar gidansa da ke Sabo ta Ibadan, cikin watan Disamba na 2023.

Tsohon nan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Kusan shekara talatin ya yi yana sana'ar ɗaura farantin kama tashoshin talabijin, wanda jama'a su ke kira dish. Babu soron da bai hau ba a Sabo da Mokola, kuma in mutum ya gaya masa tashar da ya ke so, kafin ya rufe baki Kawu ya ɗaga hannu ya nuna masa kusurwar sama inda za a juya farantin. Shi da kansa ya ba ni labarin mafarin abin. Ya ce yana yaron mota, can cikin shekarun 1970, suka bi ta kusa da Lanlate, inda aka buɗe tashar sadarwa ta tauraron ɗan'adam ta farko a Nijeriya cikin 1971, sai ya hango wani ƙaton faranti fari ya daga baki sama kamar mai roƙon ruwa. Ya tambayi maigidansa me farantin ya ke kallo, maigidan ya ce da shi ya ja bakinsa ya kula da kaya. Tun daga ranar tambayar ba ta bar zuciyarsa ba.

To, a 'yan shekarun nan ciwon hawan jinin ido ya kama shi. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa abin da ya tafi na gani ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani domin a riƙe abin da ya saura. Gefe da gefe duk ya dushe masa, sauran 'yar kafa a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara. Dole ya ajiye tsani, ya bar wa yaransa sana'a.

A ranar da na ke magana, na kai masa ziyara ne da jarida a hannu, ina karanta masa wani labari da na rubuta game da tauraron sadarwa na Nijeriya. Ya saurara har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan tauraro da ka ke ba mutane labarinsa, ka taɓa ganinsa?"

Na ce, "A'a, Kawu, ai ba a ganinsa."

Ya ce, "To, ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ni na ci abinci shekara talatin da abin da ban taɓa gani ba, kai kuma kana sayar da labarinsa. Bambancinmu ɗaya, kai kana da sauran lokaci."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har na koma Ikko. A ɗakin labarai, yawancin abin da mu ke bugawa game da kimiyya daga takardar sanarwa ya ke fitowa. A aiko, mu fassara, mu sa kanu, mu wuce. Mai karatu ya amince da mu, mu kuma mun amince da mai aikowa, kuma duk cikin jerin nan da wuya a sami wanda ya ɗaga kai ya duba. Sai na ƙudura a raina zan nemi hanyar da Kawu zai ga abin nan kafin 'yar kafar da ta rage masa ta rufe.

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin irin tauraron da mu ke nema, domin ba duka su ke ɗaya ba. Duk abin da ke kewaya duniya, gwargwadon kusancinsa gwargwadon saurinsa. Tashar nan ta sararin samaniya da 'yan sama jannati su ke zama a ciki tana bisa da kimanin kilomita 400, tana kuwa gama kewaye ɗaya cikin wajen minti 90. Wata yana nesa da kimanin kilomita 384,000, shi kuma sai ya yi kwana 27 da 'yan kai. Ashe ke nan a tsakanin waɗannan biyu akwai wani tsayi inda kewaye ɗaya zai yi daidai da juyi ɗaya na duniya, watau awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. Wannan tsayi shi ne kilomita 35,786, ko mil 22,236, a bisa layin Ikwaita wanda ya raba duniya kudu da arewa. Tauraron da aka ajiye a can yana gudun sama da kilomita 3 cikin kowace daƙiƙa, amma da ya ke tafiyarsa ta yi daidai da juyin ƙasar da mu ke tsaye a kai, sai mu gan shi kamar an kafe shi da ƙusa. Dalili ke nan da ya sa Kawu ya kan ɗaure faranti sau ɗaya ya sauko, ya shekara bai sake taɓa shi ba.

Wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, shi ne ya yayata wannan dabara cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Wireless World a watan Oktoba na 1945, inda ya nuna cewa tashoshi uku a wannan falaki sun isa su haɗa kusan dukan duniya da sadarwa. Ba a cika shekara ashirin ba Amurka ta harba Syncom 3 a watan Agusta na 1964, wanda ya ɗauko hotunan wasannin Olamfik daga Tokyo ya ƙetare da su teku. Yanzu taurari masu aiki a wannan zobe sun haura 500, kuma da ya ke zoben ɗaya ne tak, gurbi a cikinsa ya zama abin rububi, sai an yi rajista da hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba. Har ma a 1976 waɗansu ƙasashen da layin Ikwaita ya ratsa, cikinsu da Kenya da Uganda da Zayar ta wancan zamani, suka taru a Bogota suka ce yankin falakin da ke bisa kansu mallakarsu ne, amma duniya ba ta karɓi wannan da'awa ba.

Ita Nijeriya gurbinta yana kan digiri 42.5 gabas. Tauraronta na farko na sadarwa, NigComSat-1, an harba shi daga Shicang ta ƙasar Sin a watan Mayu na 2007, ya daina aiki a watan Nuwamba na 2008 sabo da matsalar fukafukansa masu tara hasken rana. Ina makarantar sakandare a lokacin, kuma ina tune da yadda aka yi ta ba'a a majalisu ana cewa tauraron ya ɓata, waɗansu ma suna rantsuwa ba a taɓa harba kome ba. A watan Disamba na 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. Shi ne wanda Kawu ya ke kira "namu", kuma shi ya ce yana son gani.

Allah da ikonsa, na san wani dattijo Bayarabe, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, wanda na taɓa hira da shi a kan wani aiki. Yana da madubin hangen nesa irin mai kama da ganga, faɗin madubin cikinsa inci 6. Da na kai masa buƙatata, sai ya yi dariya, ya ce mutane su kan zo ya nuna musu duwatsun wata ko zoben Zuhal, ni ne na farko da ya zo neman ƙarfen da mutum ya ƙera. Amma ya zaunar da ni ya koya mini. Ya ce waɗannan taurari sun fi ƙarfin ido tsirara nesa ba kusa ba, domin yawancinsu haskensu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tauraro mafi dushewa da ido ke iya gani ba. Amma suna da wata alama da ba ta ɓoyuwa. In ka saita madubi ka ɗauke hannunka, taurarin Allah duk za su riƙa silalewa suna fita, domin sama tana juya mana digiri 15 cikin awa guda, watau digiri ɗaya cikin minti huɗu. Duk ɗigon da ya ƙi tafiya, to, shi ne abin nemanka.

Sa'an nan ya gaya mini wani abin da ya faranta mini rai. Da ya ke muna arewa da Ikwaita, zoben ya kan bayyana mana ya ɗan karkata kudu. Mutanen Turai su kan gan shi ya karkata da digiri shida ko bakwai, amma daga Ibadan karkatar ba ta wuce digiri ɗaya da 'yan kai ba. Wannan kuwa ya faɗa daidai kan hanyar taurarin nan uku da su ke jere reras a sama lokacin sanyi, masu biyo bayan Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda Turawa su ke kira ɗamarar Oriyon. Sunayensu a littattafan ilmin taurari, Mintaka da Alnilam da Alnitak, duk daga Larabci aka aro su. Na tsakiyan, Alnilam, shi ne jagoranmu, domin cikin dare ya kan bi ta bayan taurarin ɗan'adam ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba sahu. Wanda ke Kano kuwa sai ya bi Alnitak, na ƙarshen kudu.

Ranar Asabar 13 ga Janairu, 2024, muka ɗora madubin a bayan mota, ni da Kawu da ƙaramin ɗansa, muka fita bayan gari zuwa gonar wani abokinsa a kan hanyar Eruwa, domin hasken fitilun birni ba ya barin a ga kome. Jinjirin wata ya faɗi da wuri, hazon hunturu kuma ya yi mana sauƙi a daren. Ina ta fama da wayata ina neman kusurwa, sai Kawu ya ce, "Ajiye wannan abin." Ya juya ya fuskanci gabas, ya ɗan karkata dama kaɗan, ya ɗaga hannu rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka, ya ce, "Nan ya ke." Ya ƙara da cewa kada in bi bakin faranti in ruɗe, domin ƙananan farantan nan na gida ƙirarsu a karkace ta ke, inda su ke saurare ya fi inda su ke fuskanta bisa da digiri ashirin da wani abu. Da wayar ta gama lissafinta, sai ta ba da digiri 45 daga ƙasa, gabas ta ɗan taɓa kudu. Ban ce kome ba, shi ma bai ce ba, amma na ji yana murmushi cikin duhu.

Wajen ƙarfe takwas, bayan mun yi sallar lisha, taurarin nan uku suka hauro daidai wurin da ya nuna. Na sa Alnilam a tsakiyar madubi, na ɗauke hannuna. Haskensa ya cika mini ido, sai da na jira ya silale ya fita. Ƙananan taurari suka yi ta wucewa kamar ayarin tururuwa. Can sai na lura da wani ɗigo, ƙanƙane ƙwarai, wanda ayarin ke wucewa ta gefensa shi ko gezau. Na ƙifta ido, na sake dubawa, yana nan. Na ƙara natsuwa, sai ga waɗansu a gefe guda sun yi cirko-cirko kusa da juna, su ma ba sa motsi. Waɗannan na Turkiyya ne, masu zama a digiri 42 gabas, maƙwabtan namu. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar gaban wanda ya daɗe yana jin sunan mutum sai ga shi a gabansa.

Na kamo hannun Kawu na kawo shi bakin madubi. Ya sunkuya, ya daɗe. Ya goge ido da bakin rigarsa, ya sake sunkuyawa. Ya ga manyan taurari biyu uku suna wucewa, amma ɗigon da ke tsaye ya fi ƙarfin idonsa. Na yi ta kwatance, dama, hagu, sama kaɗan, har na ji muryata ta fara tashi kamar ina yi masa faɗa. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce, "Bar shi, ɗana. Ka gani, ya isa. Idonka ai nawa ne." A hanyar komawa ba wanda ya yi magana. Ni dai na san na ɗauko tsoho na kai shi daji na nuna masa iyakar ganinsa, abin da bai roƙe ni ba. Abu ɗaya ya sa muka yi kafin mu tashi, shi ne ya sa ɗansa ya kafa turaku uku a inda ƙafafun madubin suka zauna, ya kuma ja zane da ƙusa a jikin gangar da mazauninta, kamar yadda ya saba yi wa sandar faranti.

Da na mayar da madubin na ba malamin labari, sai ya ce kada in fid da rai. Ya ce sau biyu a shekara, dab da lokacin da dare da rana su ke daidaita a watan Maris da na Satumba, rana da duniya da zoben nan su kan yi layi ɗaya. A 'yan kwanakin, fukafukan tauraron, waɗanda kullum rana su ke fuskanta, su kan maido da haskenta kai tsaye zuwa ƙasa kamar yaro mai wasa da madubi, har ɗigon ya ninka haskensa sau ɗari ko fiye na 'yan mintoci. Daga nan sai ya faɗa cikin inuwar duniya ya yi husufi, wanda ya kan kai minti 70, yana aiki da batir har ya fito. Ya ce sai dai a lissafa ranakun da suka dace da Ibadan.

Na buga wa Kawu waya na karanta masa wannan bayani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba." Na ce ina ya sani? Ya ce shekara da shekaru a waɗannan kwanaki ne masu gidaje su ke damunsa da kira, wai hoto ya tsinke da hantsi, kafin ya ɗauko tsani kuma ya dawo da kansa. Rana ce ta ke bi ta bayan tauraron, ƙararta ta danne siginar na 'yan mintoci. Malamin ya yi lissafinsa a takarda, ya fito da 16 ga Maris, kwana ɗaya ko biyu gaba ko baya. Ashe layin da ke kashe hoto da hantsi shi ne ke kunna tauraron da dare. Ilmin yana hannun Kawu tun tuni, ta ɗaya fuskar kawai ya san shi.

Ranar 16 ga Maris, 2024, ta faɗo Asabar, shida ga watan azumi. Muka isa gonar kafin faɗuwar rana, muka sha ruwa a can, muka yi lisha da asham a kan tabarma. Hadari ya taso daga kudu da magariba har na fara salati a zuci, amma iska ta kore shi. Wata yana yamma, gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon taurarin nan uku sun riga sun juya yamma, ba jagora, sai turakun Kawu da zanen ƙusarsa. Muka zaunar da madubin a kansu, na leƙa, sai ga ɗigon nan a inda na bar su wata biyu da suka wuce.

Tun daga ƙarfe tara da 'yan mintoci na ga sun fara ƙara haske. Wajen tara da rabi ɗaya daga cikinsu ya yi fes, ya fi duk abin da ke cikin madubin. Na ce, "Kawu, zo." Ya sunkuya. Ban yi kwatance ba, na kama bakina. Can sai na ji ya ce, a hankali, "Ga wani yana wucewa. Ga wani kuma." Ya yi shiru. "Wannan fa? Wannan bai tafi ba." Ya riƙe numfashi kamar minti guda, sa'an nan ya ce, "Allahu Akbar. Yana nan tsaye. Ashe kai ne."

Bai ɗago ba ya tambaye ni, "Namu ne?"

A nan ne aka jarraba ni. Na riga na san mai hasken nan yana cikin rukunin maƙwabta ne, namu shi ne na gefe, wanda ya ƙaru kaɗan amma bai kai yadda idon Kawu zai kama shi ba. Kalma ɗaya ce, in ce "i", tsoho ya koma gida da farin ciki, ba kuwa wanda zai taɓa ƙaryata ni. Amma na tuna abin da ya kawo mu gonar nan tun farko. Na ce, "Kawu, na Turkiyya ne. Namu yana gefensa, rabin digiri, bai yi haske sosai ba."

Ya yi dariya har madubin ya girgiza. Ya ce, "To, ai maƙwabci ɗan'uwa ne. In ka ga gidan maƙwabci ka ga unguwa."

Na karɓi madubin na ɗan lokaci. Ƙarfe goma saura kwata, ɗigon da ke gefe ya dushe ya ɓace, na gaya masa namu ya shiga inuwa. Na ce in lissafi gaskiya ne, nasa zai bi baya da minti biyu, domin rabin digiri minti biyu ne. Ya mayar da idonsa. Muna tsaye, ɗansa yana duban agogo, sai Kawu ya ce, "Yana mutuwa. Ya mutu." Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yanzu ka rubuta."

Ga mai sha'awar gwadawa, abin ba ya bukatar dukiya mai yawa. Madubi mai faɗin inci 6 ya isa, a wuri mai duhu, daren da babu farin wata. Daga Disamba zuwa Fabrairu a bi taurarin nan uku, a saita, a ɗauke hannu, a yi haƙuri. A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba kuwa, ko tabarau mai ido biyu irin na hangen nesa ya kan kama masu walƙiyar, in an kafe shi a kan abin da ba ya rawa. Wanda ma ke da kyamara zai iya buɗe ta na minti ɗaya ko biyu tana kallon wurin, taurarin Allah za su fito kamar zare, na ɗan'adam kuwa ɗigo. Makarantunmu na sakandare da ke da ɗakin kimiyya za su iya yi wa yara wannan darasi a dare guda, su ga juyin duniya da idonsu maimakon haddace shi.

Ganin Kawu ya ƙara raguwa tun daga lokacin, yanzu sai an riƙe masa hannu in zai tafi masallaci da asuba. Amma in yaransa suka dawo daga aiki suna gardamar kusurwa, ya kan ɗaga hannu daga inda ya ke zaune ya nuna musu, ya ce shi ya ga wurin. Ni kuma a ɗakin labarai, duk sa'ad da takardar sanarwa ta zo tebur, na kan ji tambayarsa a kunnena kafin in ɗora hannu a kan na'ura. Ba kowane abu ne ɗan jarida zai iya zuwa ya gani ba, amma wanda ya ke iyawa, to, bashi ne a wuyansa.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya kuma tsare mana idanunmu da harsunanmu, amin.